Ranar Da Ba Wanda Ya Riƙe Mini Sitiyari

Zuwa ga Alhaji, mai garejin saitin ƙafar mota da ke bakin titin Kurmin Mashi, Kaduna.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kana lafiya, kai da iyali da ma'aikatanka baki ɗaya. Allah ya ƙara buɗi, ya sanya albarka a cikin sana'a, amin.

Alhaji, ban rubuta sunanka ba, ban kuma rubuta sunan garejinka ba, domin ba tozarta ka na zo yi ba. Amma ka san ni. Ni ce matar marigayi abokin cinikinka na Abakpa, mai tsohuwar motar nan ruwan toka, wanda shekara da shekaru bai taɓa kai ƙafar motarsa wani wuri ba sai wurinka. Ranar sadakar uku ka zo mana gaisuwa, ka tsaya daga bakin ƙofar falo ka ce duk abin da motar take buƙata in kawo, a yi mini kamar yana raye. Mutane da yawa sun faɗi irin wannan a ranar, na san kuma yawancinta maganar zaman makoki ce. Taka ce na riƙe.

Na zo garejinka aka ce ka fita. Na sake zuwa aka ce yanzu ka bar wurin. Lambarka da ke cikin wayar marigayi ba ta shiga. Mace irina kuma ba za ta bi ka majalisa ba, ba za ta tare ka a ƙofar masallaci ba. Aikin ofis na yi har na yi ritaya, kuma abin da aikin ya koya mini shi ne in magana ta ƙi isa inda aka aike ta, a zauna a rubuta. Shi ya sa ka ga wannan a fili. Ba zancen kuɗi ba ne, na biya abin da aka ce in biya, ban kuma nemi a mayar mini ba.

Na farko, yadda aka yi aikin.

Bayan na fita takaba ne na koma tuƙi. Damina ta riga ta cinye titin unguwarmu, na faɗa wani rami da ruwa ya rufe, daga nan motar ta fara ja gefe guda, tayar gaba kuma ta fara cinyewa ta ciki. Mai facin bakin layinmu ya duba ya ce saitin ƙafa take so, wato alaimen da kuke cewa. Ba ni da wanda zan aika, don haka na sa hijabina na kawo ta da kaina.

Babban bakanikenka, Malam Haruna, shi ya tarbe ni, kuma ba zan ɓoye alherinsa ba. Yana hango motar ya gane ta. Ya goge hannu, ya rusuna, ya sake yi mini ta'aziyya har idonsa ya kawo ruwa. Ya karɓi makulli ya hau da ita kan ramin gyaran mota da kansa. Ya shiga ofishinka ya ɗauko kujera, ya share ta da gefen rigarsa, ya kai mini ita can ƙarƙashin dalbejiya nesa da baƙin mai, ya sa aka kawo mini ruwa mai sanyi. Tun rasuwar ban zauna wani wuri na ji an san darajar mutumin nan kamar ranar ba. Da ya gama, ya sauko da motar, ya juya mini kanta ta fuskanci titi don kada in sha wahalar baya. Na yi masa godiya sosai na tafi. Ba wanda ya zagaya da ita ya gwada, ni kuma ban san ana gwadawa ba.

Ban kai shataletale ba na ji wani abu ya canza. Motar tana tafiya a miƙe, ta daina ja, amma sitiyarin ya kwanta hagu. Hannuna na hagu yana ƙasa, na dama yana sama, kamar mai shirin shan kwana, alhali titi ne ɗoɗar a gabana. In na miƙe sitiyarin yadda ido ya saba ganinsa, sai motar ta nufi dama, wajen kwata. In na sha kwanar hagu, sigina ba ta kashe kanta, sai ta ci gaba da ƙiftawa, masu keke suna bi na da hon suna nuna mini da hannu. Na ce wa kaina wataƙila haka sabon gyara yake.

Na biyu, abin da na gano da idona.

Na dawo na yi bayani. Malam Haruna ya leƙa ta taga ya ce, “Hajiya, ai sabon saiti ne, zai zauna da kanshi. Ki ɗan ƙara yawo da ita.” Na ƙara yawo da ita, bai zauna ba. Na sake dawowa, ya ce titunan Kaduna ne duk a karkace suke saboda ruwa ya samu hanya. To, Alhaji, a titunan nan na koyi mota, a kansu na kai yara makaranta har suka girma, ban taɓa jin ranar da suka karkace gaba ɗaya suka bar ni ba.

Wani zuwan na tarar da layi, aka sake kai ni ƙarƙashin dalbejiya. Da yake ba ni da abokin hira, sai na zuba ido ina kallon aikin. Nan na ga abin da ban lura da shi ba ranar farko. Duk namijin da ya hau da motarsa kan ramin, ba ya sauka. Yana zaune a kujerarsa, Malam Haruna yana ƙasa yana murɗa ƙarafan ƙafa, yana ɗaga murya: “Riƙe shi daidai, Alhaji! Kar ka saki!” Mai mota ya riƙe sitiyari a miƙe da hannu biyu har a gama ɗaurewa. Na ga ma'aikacin banki da kwat ɗinsa ya riƙe. Na ga direban haya ya riƙe yana cin gyaɗa. Na ga wani dattijo da ya girme ni nesa ba kusa ba, sandarsa tana jingine a kujerar gefe, shi ma ya riƙe. Sai na tuna marigayi yakan dawo daga wurinka yana miƙe yatsu, yana cewa yau ya sha riƙo. Ban taɓa tambayarsa riƙon mene ne ba.

Da layi ya zo kaina na tambayi Malam Haruna, ranar da aka yi tawa, wa ya riƙe? Ya sunkuyar da kai. Ya ce, “Hajiya, ke uwa ce. Ya za a yi in bar ki a kan rami kina zaune, ni namiji ina kwance a ƙarƙashin motar? Ai bai kamata ba.” Ranar sauran ma'aikatan kowa yana kan tasa motar, shi ya daidaita sitiyarin da ido ya sauka rami, yana murɗawa a ƙasa, abin yana gocewa a sama ba kowa a kujerar.

Ban yi fushi ba a lokacin, sai ma na ji sauƙi, tunda an gano bakin zaren. Na ce to bisimilla, ga ni, in hau in riƙe. Ya yi dariya cikin ladabi ya ce, “Haba Hajiya, Oga ya ji na ɗora matar marigayi a kan rami, ai ranar zan bar wurin nan.” Na ce to a sa ɗaya daga cikin ma'aikata. Ya ce kowa hannunsa baƙin mai ne, kowa kuma da motar da ke jiransa, ga karkacewar ma ba wata mai yawa ba ce. Sannan ya faɗi maganar da har yau take yi mini yawo a kai: “Ki zo da wani namiji daga gida, minti kaɗan ne mu gama.”

Alhaji, wane namijin? Gidan da ka zo gaisuwa ka tarar da takalma har bakin titi, yanzu takalmina ne kaɗai a ƙofarsa. Babban ɗana yana aiki a Abuja. Ƙanwarsa tana aure a Kano. Autan yana karatu a ƙasar waje, sai muryarsa a waya. Maƙwabta mutanen kirki ne, amma duk ma'aikata ne, su fita da sassafe su dawo da magariba a gajiye. Kuma bazawara mai shekaruna da ta fara ƙwanƙwasa ƙofar mazan mutane tana neman a raka ta gareji, ka san abin da unguwa za ta mayar da ita. Na koma gida a ranar da sitiyarina a karkace, na tsaya a cikin motar a ƙofar gida na daɗe ban fito ba.

Na uku, abin da wannan ya jawo mini.

Ana cikin haka babban ɗana ya zo duba ni. Ya ce zai raka ni Rafin Guza ya gaida yayata, wadda ta daɗe a kwance, ni nake kai mata abinci nake kai ta asibiti. Shi ɗan zamani ne, motar da ke sa wa kanta giya ya koya, ta ubansa mai giyar hannu ko daga ƙofar gida ba zai iya fitar da ita ba. Don haka ni na ja, shi yana gefe. Zuwan kwana ɗaya ya yi, washegari da asuba zai koma. Na so in ce mu biya ta garejinka ya riƙe mini sitiyarin, sai na ga yadda yake duba agogo yana amsa wayar ofis, na haɗiye.

Tun daga Abakpa na lura yana kallon hannuwana. Muka sha kwanar hagu, sigina ta ci gaba da ƙiftawa, ya miƙo hannu ya kashe. Da muka shiga layin Rafin Guza, inda ka san yadda masu tebur suke cin rabin titi, sai ya ce, “Hajiya, miƙe sitiyarin mana, kin karkace.” Ya faɗa da ƙarfi, irin na wanda ya tsorata, hannuna kuma ya bi maganarsa kafin hankalina ya bi. Na miƙe sitiyarin, motar ta yi dama. Gefenta ya ɗebi teburin wata mai sayar da lemo, lemo ya watse a titi, matar ta yi tsalle ta faɗa kan buhunanta tana salati. Allah ya tsare, ba wanda ya ji rauni. Ɗana ya fita ya ba ta haƙuri, ya sallame ta, mutane suka taru suna leƙo ni ta taga. Na ji wani yana cewa ai tsofaffin nan da an hutar da su.

Daga baya muka kamo hanyar gida. Na ce masa sau ɗaya, a hankali, gyaran da aka yi ne ya karkatar da sitiyarin. Ya ce, “To, Hajiya.” Ka san irin wannan “to” ɗin.

A nan dole in faɗa maka abin da kai Bahaushe ba sai an yi maka dogon bayani ba. Ɗan fari ne. Ko sunansa ban taɓa kira ba tun da na haife shi. Ba mu saba zama mu yi doguwar magana ba, balle gardama. Duk abin da ke tsakanina da shi, ubansa ne yake ɗauka ya kai ya kawo, ya tausasa nan ya tausasa can. Yanzu ba mai kaiwa ba mai kawowa. Yana magana ina kallon ƙasa, ina magana yana kallon waya, kowannenmu yana jin nauyin ɗan'uwansa.

Bayan ya koma ne ƙanwarsa ta kira ni daga Kano, da muryar da ake yi wa majinyaci magana. Sun yi shawara su uku. Sun ce Yaya ya ga hannuna ɗaya yana sauka, ya ga ina manta sigina, ga hawan jinin da nake fama da shi, kada a je wani abu ne yake sanɗa. Sun yanke cewa ƙarshen watan nan zai aiko direba ya ɗauki motar, ni kuma in haɗa kayana in biyo baya in koma wurinsa Abuja, a rufe gidan Abakpa. Tun bayan arba'in suke wannan maganar, kullum abin da nake kare kaina da shi ɗaya ne: ina tuƙa kaina, ina zuwa asibiti da kasuwa da kaina, ban zame wa kowa kaya ba. Yanzu wannan hujjar ce ta faɗi a gaban idonsa.

Ba na zargin yaran nan. Tsoro ne ya kama su, kuma ɗan da ya ce zai ɗauki uwarsa ba mugun ɗa ba ne. Na san ɗakin da suka tanadar mini, na kwana a cikinsa. Yana da kyau, yana da sanyi, tagarsa tana kallon katangar maƙwabci. A unguwar ba mai shigo maka sai ya yi waya an buɗe masa ƙofa. A can ba wanda ya san ni matar wane ce. A nan ko ba komai mai facin bakin layi yana ɗaga mini hannu, matan makarantar Islamiyyarmu suna lura in ban zo ba, yayata kuma tana gane ƙarar motar nan tun daga kan kwana, ta sa a tashe ta zaune kafin in shigo. In na tafi, ban san wanda zai riƙa kai mata ko ruwan zafi ba. Kaɗaici yana damuna a gidan nan, ba zan yi ƙarya ba, wani lokaci nakan kunna rediyo don kawai in ji ana magana. Amma kaɗaicin gidana ne, na san kowane lungunsa.

Za ka ce me ya hana ni kai motar wani gareji a miƙe ta a huta. Na yi wannan tunanin. Sai dai in aka gyara ta a ɓoye, abin da ɗana ya gani a Rafin Guza yana nan daram a ransa, ba kuma abin da zan nuna masa. Direban da zai aiko zai gane karkacewar tun kafin ya fita Kaduna, amma wa zai tambayi direba? A lokacin an riga an sa wa gida kwaɗo. Ba gyaran ƙarfe kaɗai nake nema ba, shaida nake nema daga bakin waɗanda suka yi aikin.

Saboda haka, Alhaji, ga roƙona.

Ɗaya, ka ba Malam Haruna izini da bakinka in hau ramin nan in riƙe sitiyarin motata kamar kowane mai mota. Ina cikin hijabina, ƙarfen mota yana tsakanina da shi. In kuma har yanzu kuna ganin bai dace ba, to ku wanke hannun mutum ɗaya ku zaunar da shi. Kujerar ta ɓaci da mai, na yafe.

Biyu, kada ka hukunta shi. Girmama ni ya yi iya saninsa, kuma irin tarbiyyar da kuka ba shi ce. Ku dai gyara tsarin. Ba ni kaɗai ba ce mace mai kawo mota ita kaɗai a garin nan. Akwai malaman makaranta, akwai ma'aikatan jinya, akwai waɗanda mazansu suka rasu irina. Ina ji a jikina wasunsu suna can suna yawo da sitiyari a karkace, sun sha ruwan sanyinku sun yi godiya, suna zargin kansu.

Uku, lambar ɗana tana wurin Malam Haruna, na bar masa. Ka kira shi kafin ƙarshen wata. Kai abokin ubansa ne, zai saurare ka yadda ba zai iya saurarena ba, kai kuma za ka iya faɗa masa abin da ni bakina ba zai iya ba. Ba na so ka ƙara komai, ka faɗa masa yadda aka yi aikin kawai.

Na huɗun shi ne mai nauyi, na daɗe ina juya shi kafin in rubuta. Tun da yaran nan suka fara maganar hannuna, ni ma na fara shakka. Jiya da safe na tsaya a tsakar gida na miƙe hannuwana biyu a gabana, ina duba ko ɗaya ya fi ɗaya sauka. Na kasa tantancewa. Na juya in ce wa wani ya duba mini, sai na tuna ba kowa. Na ga abin da na gani a garejinka, na kuma ji abin da bakanikenka ya faɗa, amma in mutum uku da ka haifa suka haɗu a kan magana ɗaya, kai kaɗai a gefe, zuciya takan fara raurawa.

Don haka bayan an gyara, ina roƙonka ka shiga motar ka zauna a gefena, in ja mu zuwa shataletale mu dawo. Ka kalli hannuwana da kyau, kallon mai sana'a, ba kallon mai tausayi ba. In ƙarfen ne, ka faɗa wa ɗana. In kuma an miƙe sitiyarin ka ga har yanzu ina karkacewa, to kada ka kira Abuja, kada kuma ka rufe ni da Hajiya-Hajiya. Ka dube ni ka faɗa mini gaskiya. Zan kashe motar a nan bakin garejinka, in miƙa maka makullin da hannuna, in tari keke in tafi in fara haɗa kaya. Abin da ba zan iya ba shi ne in rufe gidan mijina ban san ko ni ce ko ba ni ba ce.

Allah ya tsare ka da iyalinka, ya raba ka da sharrin ƙarfe, ya sa ka gama da duniya lafiya. Allah ya jiƙan abokinka da dukkan magabatanmu. Ya kuma ba iyalinka masu tsaya musu a ranar da ba ka nan.

Wassalamu alaikum.

Ni ce,
matar marigayi abokinka,
Abakpa, Kaduna.